Juyewar Kai da Darasin da Ke Cikin Kunnen Ɓera

A bara na halarci wani taron ƙara wa juna sani a Jos. Motar da na shiga ba ta tashi da wuri ba, barci kuma ya kwashe ni tun kafin mu fara hawan duwatsu, ban farka ba sai a ƙofar masauki wajen ƙarfe goma sha ɗaya na dare. Da asuba na shimfiɗa darduma, na fuskanci inda zuciyata ta tabbatar mini nan ne gabas. Da gari ya waye, sai ga rana ta ɓullo ta ɓangaren da na ba wa baya. Kwana uku na yi a garin, idona yana nuna mini gabas, jikina yana musantawa. Wannan shi ne abin da Bahaushe ke kira juyewar kai, kuma mafi yawan abin da masana suka gano game da shi, a jikin ɓera suka gano shi.

Mai karatu ya san kunne da aikin ji. Amma can ciki, a bayan dodon kunne, akwai wani sashe da aikinsa shi ne auna motsin kai. Ya ƙunshi bututu uku masu lanƙwasa kamar rabin zobe, kowanne ya fuskanci nasa ɓangaren, cike da ruwa. Idan ka waiwaya, ruwan yakan ɗan yi jinkiri kafin ya bi kanka, sai ya tanƙwara wasu siraran gashi, su kuma su aika wa ƙwaƙwalwa saƙon yadda ka juya da irin saurin juyawar. Kusa da bututun akwai jakunkuna biyu masu ɗauke da ƙananan tsakuwoyi na sinadarin alli, waɗanda ke sanar da sama da ƙasa, da tafiya gaba ko baya. Yaron da ya yi wasan hajijiya ya tsaya, ya ga duniya tana juyawa, ruwan nan ne bai gama lafawa ba.

A shekarar 1980, wasu masana biyu a Jamus, Marie-Luise da Horst Mittelstaedt, suka wallafa wani gwaji da suka yi da wani jinsin ɓeran hamada. Sukan ɗauke ɗan ɓera daga sheƙa su ajiye shi a tsakiyar wani faffaɗan faifai, cikin duhu. Uwar takan fito tana kewaye-kewaye har ta same shi, sannan ta ɗauko shi ta miƙe sak zuwa gida ba tare da ta sake bin sawunta ba. Sai suka riƙa juya wurin da take tsaye. Idan an juya shi da sauri, takan lura ta gyara hanya. Idan kuwa an juya shi a hankali ƙwarai, yadda kunnenta ba zai ji ba, takan nufi inda babu sheƙa, kuma kuskurenta yakan zo daidai da gwargwadon juyin da aka yi mata. Ashe duk wannan yawo da take yi, tana ƙirga kowace kwana da ta sha.

Inda ake ajiye wannan lissafi ya fara bayyana a 1984, lokacin da James Ranck, a birnin New York na Amurka, ya ci karo da wasu ƙwayoyin jijiya a ƙwaƙwalwar ɓera masu wata ɗabi'a ta ban mamaki. Kowace ƙwaya tana da alƙibla guda da ta zaɓa: idan ɓeran ya fuskanci wannan alƙibla sai ta kama aiki, idan ya kau da kai sai ta yi tsit, ko a wane lungu na akwatin gwaji yake. A 1990 Jeffrey Taube da Robert Muller da shi Ranck ɗin suka wallafa cikakken bayaninsu. Kamfas ne a cikin ƙwaƙwalwa, sai dai ba ruwansa da maganaɗisun ƙasa. Ko an kashe fitila yana ci gaba da aiki. A 1997 kuma Robert Stackman da Taube suka lalata sashen daidaito na kunnen ɓeraye da sinadari, sai ƙwayoyin suka daina nuna kowace alƙibla, alhali idanun ɓerayen lafiya lau suke. Ido kaɗai bai isa ya riƙe kamfas ɗin ba.

Kunne ma bai isa shi kaɗai ba. Duk lissafin da aka gina a kan ƙirga juye-juye, ƙaramin kuskure yakan hau kan ɗan'uwansa har ya zama babba. Shi ya sa ƙwaƙwalwa take neman alama a waje ta gyara kanta. A gwajin su Taube, an manna farin kati a bangon akwatin. Da aka cire ɓeran aka matsar da katin da digiri 90, sai alƙiblar ƙwayoyin ta matsa da kusan wannan adadi. Mu ma haka muke. A 2009 Jan Souman da abokan aikinsa na Cibiyar Max Planck suka sa mutane tafiya a wani daji a Jamus da kuma hamadar Tunisiya. Waɗanda suke ganin rana sun miƙe, waɗanda gajimare ya ɓoye musu ita kuwa sun yi ta zagaye suna zaton miƙewa suke yi. A fahimtata abin da ya same ni a hanyar Jos ke nan: ina barci, mota tana shan kwana a hankali, babu rana babu alama, na sauka da lissafin da ya riga ya karkace. Da na tambayi mai gadi alƙibla tun da daren, da ban sha wannan kunya ba. Matambayi dai ba ya ɓata.

Wani zai ce me ya haɗa mu da kunnen ɓera, ga tsadar abinci ga rashin tsaro? Amsata tana gidanmu. Wata gwaggona ta yi fama da ciwo, aka yi ta yi mata allurar jentamaisin a wani kemis na unguwa, kwanaki da yawa, babu takardar likita babu gwajin ƙoda. Ciwon ya tafi, amma tun daga lokacin ba ta iya tsallaka tsakar gida da dare sai ta dafa bango, kuma idan tana tafiya sai ta ce komai rawa yake yi a idonta. Wasu suka ce tsufa ne, wasu suka ce iska ce. Likitan kunne ne ya gaya mana cewa gashin nan na cikin bututun ne suka mutu. Likitoci sun daɗe da sanin cewa jentamaisin da 'yar'uwarta istireftomaisin suna iya kashe waɗannan gashi, musamman ga tsofaffi da masu raunin ƙoda da waɗanda aka daɗe ana yi wa, kuma sau da yawa ba sa dawowa. Mutum yana iya ci gaba da ji rangadadau, shi ya sa ba a saurin zargin kunne. Da rana ido yakan rufa asiri. Duhu na yi, sai abin ya tonu.

Waɗannan magunguna ne masu ceton rai idan likita ya rubuta su, ya auna adadinsu, ya kuma sa ido. Abin da nake ƙorafi a kai shi ne yadda muka mayar da allura abin marmari, har majiyyaci yakan ji ba a duba shi ba in ba a tsira masa ita ba. Kira na ga hukumomin da ke kula da sayar da magani su tsananta bincike a kan masu ba da irin waɗannan allurai barkatai. Ga ɗalibanmu na likitanci da jinya kuwa, idan tsoho ya zo da kukan jiri, kada a tsaya ga awon hawan jini kawai. A tambaye shi allurar da aka yi masa, a kuma tambaye shi yadda yake tafiya cikin duhu. Ga sauran jama'a, duk wanda ake yi wa allura ya fara jin jiri ko ƙugi a kunne, ya koma wurin likita a ranar, kada ya jira a kammala adadin.

Gwaggo tana nan da ranta. Mun sa mata fitila mai amfani da hasken rana a tsakar gida, jikokinta kuma sun koyi barin hanyarta babu turmi babu bokiti. Allah Ya ƙara mana lafiya, sai mako mai zuwa.