Taura Biyu Ba Ta Taunuwa: A Kan Iyakar Kaya a Wasannin Bidiyo

Wani dare bayan an gama jarrabawar zango, na zauna a ɗakin wani abokina ina kallonsa yana buga Skyrim a kwamfutarsa. Jarumin nasa ya kashe dodo mai aman wuta a kan dutse, ya kwashe ƙasusuwansa, sai rubutu ya bayyana a allo cewa kaya sun yi masa yawa, ba zai iya gudu ba. Abokina ya buɗe jerin abin da ke jikin jarumin, ya shiga lissafi: wannan tukunya nauyinta kaza, wannan takobi kuɗinsa kaza, wannan cuku a cinye shi ko a yar. Ya ɗauki kusan kwata na awa a haka. Kafin ya gama aka ɗauke wuta, batirin kwamfutar kuwa da ma ya tsufa, allo ya yi baƙi. Daga nan gardama ta tashi tsakanin waɗanda ke ɗakin. Wasu suka ce duk wata iyaka da ake sa wa kayan mai wasa azaba ce kawai, a cire ta. Wasu suka ce in babu ita wasa ya zama na yara. Ni ra'ayina shi ne iyakar kaya tana da amfani a inda take tilasta wa mai wasa yanke shawara mai zafi, kuma ɓata lokaci ce a inda ba ta sa shi komai sai ƙidaya.

Al'adar ta girmi wasannin bidiyo na zamani. Wasan tebur na Dungeons & Dragons, wanda Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar a Amurka a 1974, yana auna nauyin kayan jarumi da nauyin tsabar zinariya, kuma yawan kaya yana rage masa sauri. A cikin Colossal Cave Adventure, wasan rubutu zalla na shekarun 1970, mai wasa ba ya riƙe fiye da abu bakwai a lokaci guda. A wasannin Pokémon na farko, waɗanda suka fito a Japan a 1996, jaka ba ta ɗaukar fiye da nau'in kaya 20. A wancan zamani ana iya ba masu tsara wasa uzuri da ƙarancin ma'ajiyar na'ura. Yau wannan uzuri ya kau, domin wayar da ke aljihun ɗalibi ta ninka waɗancan na'urori ƙarfi ba adadi. Ke nan duk iyakar da muka tarar a wasan yau, wani ne ya zauna ya zaɓe ta da gangan, kuma muna da damar tambayarsa dalili.

Dalilin da aka fi kawowa shi ne kamanta gaskiya: mutum ba ya ɗaukar duniya a kansa, saboda haka jarumin wasa ma bai kamata ya ɗauka ba. Wannan hujja ba ta da ƙafar tsayawa. A Skyrim, wanda kamfanin Bethesda ya fitar a 2011, jarumi yana farawa da ikon ɗaukar nauyi 300. Da nauyi 299 yana tsalle kamar barewa, da 301 kuwa sai ya koma tafiyar hawainiya. Zinariya da kibau ba su da nauyi ko kaɗan, ko da dubu nawa ya tara. A Minecraft akwai gurabe 36, kowane gurbi yana ɗaukar tubali 64, kowane tubali kuma mita guda ne a tsawo da faɗi da tsayi. Mutum ɗaya yana yawo da tubalan dutse 2304 a aljihu, amma in gurabe sun cika ba zai iya ƙara ƙwayar iri ɗaya ta sabon nau'i ba. Babu ɗan dakon da zai ga wannan ya ce an kwaikwayi sana'arsa. Saboda haka a bar zancen gaskiya gefe, a tambayi abin da iyakar take yi wa wasan kansa.

Harshenmu ya riga ya ba mu bambancin da muke bukata. Akwai kaya, akwai guzuri, akwai tarkace. Guzuri shi ne abin da matafiyi ya zaɓa da sanin hanyar da ke gabansa, ya bar wani abin da yake so saboda wanda ya fi bukata. Tarkace kuwa abin da aka tara ne don kawai an same shi. Iyaka mai kyau ita ce wadda ke mai da kayan mai wasa guzuri.

Misalin da ya fi fito da wannan fili shi ne Resident Evil na 1996, wanda Shinji Mikami ya jagoranta a kamfanin Capcom. Mai wasa yana cikin wani tsohon gida cike da gawarwaki masu tafiya. In ya zaɓi Chris, gurabe shida gare shi. In ya zaɓi Jill, takwas. Bindiga gurbi ɗaya, harsasanta gurbi ɗaya, ganyen magani gurbi ɗaya, makulli gurbi ɗaya. Hatta kirtanin tawadar da ake adana ci gaban wasa da shi a na'urar buga rubutu yana cin gurbinsa. Kafin mutum ya fita daga ɗakin da akwatin ajiya yake, dole ya tsaya ya yi tunani: in na ɗauki magani biyu, ina zan sa makullin da zan tsinta a gaba? In na bar babbar bindiga, me zan yi in abin da ke bayan ƙofa ya fi ƙarfin ƙarama? Rabin tsoron wasan daga nan yake fitowa. Da za a ba Chris jaka marar iyaka, gidan da dodanninsa suna nan yadda suke, amma fargabar ta tafi. Mu da muke karatun harshe mun san wannan ƙa'ida daga wani fanni: inda babu zaɓi tsakanin abu da waninsa, babu ma'ana. Ganyen magani yana da daraja ne saboda harsashin da aka bari dominsa.

Haka abin yake a wasannin harbi. A Doom na 1993 jarumi yana ɗauke da dukan makaman da ya samu, kuma hakan ya dace da wasan da ginshiƙinsa gudu ne da ɓarin wuta ba tsayawa. Halo na 2001 ya zo ya ce makami biyu kawai. Duk lokacin da mai wasa ya ga sabuwar bindiga a ƙasa, sai ya ajiye ɗaya kafin ya ɗauka, yana yanke shawarar cikin daƙiƙa guda ana harbinsa. Taura biyu ba ta taunuwa, balle uku. Waɗanda ke buga Free Fire ko PUBG Mobile a waya sun san irin wannan: jaka tana da mataki na ɗaya, na biyu da na uku, kuma ko da ta mataki na uku ce, sai an zaɓa tsakanin ƙarin harsashi, magani da gurneti, alhali da'irar fili tana tsukewa. Zaɓin gajere ne, sakamakonsa kuma yana bayyana nan take.

Ina kuma ganin iyakar da ido ke gani ta fi wadda ake lissafawa. Resident Evil 4 na 2005 ya ba jarumi akwatin hannu da aka rarraba kamar gidajen dara. Doguwar bindiga tana cin gidaje masu yawa, ƙwai yana cin ɗaya, ana iya juya kowane abu a tsaye ko a kwance har ya shiga. Da kallo ɗaya mutum ya san abin da yake da shi da sauran wurin da ya rage. Jera kayan ma ya zama ɗan ƙaramin wasa mai daɗi, irin daɗin da mai shirya akwatin tafiya ke ji in murfi ya rufu daidai.

Matsalar Skyrim da ire-irensa a nan take. Wasan ya cika duniyarsa da cokula, kwanoni, littattafai, fatu da takubba, duk ana iya ɗauka, yawancinsu ana iya sayarwa. Ya koya wa mai wasa kwaɗayi, sa'an nan ya hukunta shi a kan kwaɗayin. Ƙashin dodo ɗaya nauyinsa 15, ga shi ana bukatarsa don ƙira, ke nan ladan babban faɗa shi ne yake daƙile tafiya. Shawarar da ake yankewa a nan ba ta da zafi, domin amsarta lissafi ne da kowa zai iya: raba kuɗin abu da nauyinsa, ka yar da mafi ƙarancin riba. Wanda ba ya son yar da komai kuma yana da mafita, ya loda wa abokin tafiyarsa, ko ya je gari ya sayar ya komo. Ba a hana shi komai ba, an dai ci masa lokaci. Madugun ayarin gishiri da ke shirin hanyar Bilma yana auna kayan raƙumi ne domin kuskure na iya cin rai. Jarumin Skyrim kuwa kuskurensa ba ya jawo masa komai sai zirga-zirga.

Akwai kamfanin da ya gane wannan ya gyara. A Demon's Souls na 2009, FromSoftware ya sa iyaka iri biyu: nauyin abin da ke jaka da nauyin abin da aka sa a jiki. A Dark Souls na 2011 sai ya cire ta farko ya bar ta biyu, kuma haka ya ci gaba har zuwa Elden Ring na 2022. Tara abin da kake so a jaka, amma sulke da makamin da ka ɗaura su ne za su nuna ko za ka iya kauce wa sara da sauri ko za ka faɗi tim kamar buhu. An jefar da ƙidayar, an riƙe zaɓin. A ɗaya ɓangaren kuma akwai Death Stranding na Hideo Kojima, na 2019, inda jarumin ɗan dako ne na sosai. Yawan kaya da tsayinsu a bayansa suna sa shi tangaɗi a kan gangare ko cikin rafi, mai wasa kuma yana daidaita shi da yatsunsa. A nan nauyi shi ne wasan gaba ɗaya, don haka ba wanda zai ce an ɗora masa shi a banza.

Masu cewa a cire iyaka baki ɗaya suna da gaskiyarsu, kuma ban raina ta ba. Ɗalibin da ke da awa guda tsakanin karatu da barci, yana tsoron ɗaukewar wuta ko ƙarewar mega, yana da haƙƙin ƙin kashe kwatanta a jerin tukwane. Akwai kuma wanda jin daɗinsa shi ne tarawa da kallon abin da ya tara. Ga irin waɗannan, hanyar da Fallout 4 ya bi tana da kyau: a wasan yau da kullum harsashi ba shi da nauyi, amma wanda ya zaɓi matakin tsira, mafi tsanani, sai harsashi ya yi nauyi. Kowa ya ɗauki abin da wuyansa zai iya. Inda na rabu da su shi ne in suka ce wannan magani ne ga kowane wasa. Resident Evil marar iyaka wani wasa ne dabam, kuma mafi rauni.

Akwai nau'i na ƙarshe, shi ne wanda ya fi damuna, domin ya taɓa aljihu. Pokémon GO na 2016 ya fara da jaka mai ɗaukar abu 350, ana ƙara gurabe 50 da tsabar wasan 200, tsabar da ake tarawa a hankali ko a saya da kuɗi na gaske. Fallout 76 ya fito a 2018 da ma'ajiya mai iyakar nauyi 400, aka ɗaga ta daga baya saboda koken masu wasa, sa'an nan a 2019 aka kawo rajistar wata-wata wadda ke ba mai biya akwati marar iyaka na kayan ƙira. Kamfani yana da damar neman riba, musamman a wasan da ake saukewa kyauta. Amma da zarar an sa wa faɗin jaka farashi, mai tsara wasa ya sami dalilin ƙuntata ta wanda ba shi da alaƙa da daɗin wasa. In iyakar tana da muhimmanci ga wasan, bai kamata kuɗi su cire ta ba. In kuwa kuɗi na iya cire ta ba tare da wasan ya lalace ba, to da ma ba ta da aiki sai matsa wa mutum ya biya. Ga wanda kuɗin abincinsa na wata ƙidayayye ne, wannan ba ƙaramar magana ba ce.

Shawarata ga ƴan uwana ɗalibai masu wasa ita ce, duk lokacin da allo ya ce jaka ta cika, ku lura da abin da kuka ji. In kun ji zafin rabuwa da abin da kuke so, kuna tunanin hanyar da ke gaba, to wasan yana aikinsa, ku yi haƙuri da shi. In kuwa hamma kuka yi kuka shiga raba lamba da lamba, ko kuka ga maɓallin saye ya bayyana a gefe, ku san lokacinku ko kuɗinku ake nema, kuma ba laifi ba ne ku ajiye wasan ku nemi wani. Abokina dai, da wuta ta dawo, ya tarar bai adana wasan ba tun kafin faɗan. Ya sake kashe dodon, ya ɗauki ƙashi ɗaya, ya bar sauran a kan dutse ya yi gaba.