Lantarki da farfaɗo da hannun masu raunin laka: Abin dubawa ga Najeriya

A watan Disambar 2024 ne hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da na'urar ARC-EX ta kamfanin Onward Medical, wadda ke aika lantarki zuwa laka ta fatar bayan wuya, ba tare da tiyata ba.

Amincewar ta biyo bayan gwajin da mujallar Nature Medicine ta wallafa a Mayun 2024. Cikin mutum 60 da hannayensu suka shanye, amma lakarsu ba ta tsinke gaba ɗaya ba, kashi 72 cikin 100 sun samu ƙarin ƙarfi da iya sarrafa hannu.

Sai dai lantarkin ba ya haɗa jijiyar da ta katse, yana zaburar da waɗanda suka tsira ne. Majinyatan sun yi wata biyu suna atisaye kafin a sa musu na'urar, suka ƙara wata biyu tare da ita.

A Najeriya, inda haɗarin mota ke kan gaba wajen jawo raunin laka, darasin shi ne na'urar ba ta wadatarwa ita kaɗai. Kafin a yi batun sayo ta, asibitocin ƙashi na Dala da Igbobi da Inugu na buƙatar isassun ƙwararrun gashin ƙashi, da inshorar lafiya mai ɗaukar nauyin atisayen watanni.