Kazaure Ta Tattara Kayan Kiɗanta Tun Masu Su Na Raye

A garin Trossingen na ƙasar Jamus akwai gidan tarihi guda da aka keɓe wa harmonika, ɗan abin busan nan mai jerin ramuka wanda bai wuce tsawon tafin hannu ba. Kimanin guda 25,000 ke ajiye a ciki. A garin ne Matthias Hohner ya kafa masana'antarsa a 1857, daga nan abin ya bi jiragen ruwa ya watsu duniya.

Ya kai har Ostireliya. Tun ƙarshen ƙarni na 19 kamfanin J. Albert & Son na birnin Sidni ya riƙa yin odar harmonika daga masana'antar Seydel ta Klingenthal, yana buga mata sunan Boomerang, shi kuma kamfanin Allan na Melbon yana sayar da tasa mai suna Crackajack. Kasuwa ta yi albarka har Frank Albert na kamfanin nan na Sidni ya gina katafaren gida a Elizabeth Bay a 1926, ya raɗa masa Boomerang. Yau masu tara kayan tarihi a can suna farautar tsofaffin nan har da kwalayensu, suna tantance wace ce ta riga wace. Kayan baƙi ne, Jamusawa suka ƙera, amma mutanen Ostireliya sun riƙe shi a matsayin nasu.

To, ina ga wanda kayansa na gida ne, kakansa ne ya sassaƙa?

Duk wanda ya taso a Karkarna ko Achilafiya, ko cikin duwatsun Roni, ya san ƙasar nan ba ta taɓa rasa sauti ba. Gangar noma ce ke tayar da gayya. Kalangu na mahauta ne da 'yan dambe, kiɗan ƙwarya na mata ne a cikin gida, sarewa ta makiyayi ce a bayan shanu. Ranar hawan salla a Kazaure kuwa kakaki da algaita ke sanar da fitowar sarki. Da kaka, yara kan fafe karan dawa su yi abin busa, su busa shi har ya tsage su jefar. Akwai ma bambaro, ɗan ƙarfen da ake sa wa a baki ana taɓa harshensa da yatsa. A tambayi matashi ɗan shekara ashirin a Gwiwa ko Ɓaɓura ko ya taɓa jin sunansa.

Harmonika ƙarfe ce da katako, tana iya shekara ɗari a akwati. Yawancin kayan kiɗan Bahaushe kuwa da ƙwarya da itace da fata da kara da izgar doki ake yin su. Gara na ci, ɓera na ci, damina biyu a ɗaki mai yoyo ta isa ta gama da kukuma. Babu tambarin kamfani a jikinsu, babu shekara. Tarihin kowane ɗaya yana kan mai shi ne, ranar da aka kai shi makwanci an binne da shi. Ga kuma 'ya'yan makaɗa da yawa sun bar sana'ar, wasu don karatu, wasu don gudun a kira su maroƙa, sannan fiyano da kwamfutar situdiyo sun karɓe gidajen biki.

Nijar ta ga irin wannan da idonta. Biram, babban abin kiɗan masuntan Buduma na Tafkin Chadi mai tsirkiya biyar, ya rage a hannun tsoho ɗaya, Boukar Tar. A 2002 Malam Maman Barka ya samu tallafin UNESCO ya je ya zauna wurinsa ya koya, tsohon ya ba shi biram ɗinsa kafin ya rasu. Barka ya yi aiki a cibiyar kiɗa ta Elhaji Taya da ke Yamai, wadda ke da ɗakin adana kayan kiɗan gargajiya, kuma ya kai biram har Turai kafin rasuwarsa a 2018. Da ya makara da 'yan shekaru, da sai dai hoto.

A Najeriya an yi aikin takarda mai kyau. David Ames da Anthony King sun fitar da ƙamus na kiɗan Hausa a 1971, Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau ya rubuta tarihin makaɗa da mawaƙa. Sai dai littafi ba ya amo. Kuntigin Ɗan Maraya Jos, wanda ya rasu a 2015, gwangwani ne da fata da tsirkiya ɗaya, kuma da shi ya zagaya duniya. Gurmin Haruna Uji na Haɗeja ma ya shahara. Waɗannan an san su saboda rediyo ta ɗauke su. Makaɗin noman da ya yi shekara hamsin yana zaburar da samari a gonakin 'Yankwashi babu wanda ya miƙa masa makirfo.

Wani zai ce kiɗa ba abin da za a ɓata kuɗi a kansa ba ne, wani ma ya kawo hujjar addini. Ra'ayi ne da ya cancanci a saurara. Amma adana ganga ba kiran mutane rawa ba ne, kamar yadda ajiye takobi a Gidan Makama na Kano ba shelar yaƙi ba ce. Shaida ce ta yadda kakanni suka yi noma, suka yi farauta, suka naɗa sarki.

Aikin bai fi ƙarfin masarautar Kazaure ba. Tana da hakimai da dagatai da suka san gidan kowane Sarkin Makaɗa, tana da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hussaini Adamu mai ɗalibai riƙe da wayoyin da ke ɗaukar murya da bidiyo. Ɗaki ɗaya mai rufin kirki ya isa a fara. Kowane abu da aka karɓa a rubuta sunan mai shi da ƙauyensa, da wanda ya ƙera, da itacen da aka sassaƙa, da fatar da aka rufa. A ɗauki mai shi yana kaɗawa, ya faɗi taken da ya kaɗa da wanda ake yi wa shi. A biya shi haƙƙinsa, kada a karɓe da sunan kyautar dole. Wanda ke cin abinci da gangarsa a bar masa abarsa, a sa shi ya haɗa wata.

Lokacin da ya fi dacewa shi ne bayan an yi girbi, sa'ad da kara ke zube a gona, dambe ya buɗe, tsofaffi kuma ke da sararin zama su yi bayani.