Riƙe bindiga don kare kai: ina mafita ga mutanen masarautar Gumel?

A duk ranar Alhamis jama'a masu ɗimbin yawa ne ke hallara a kasuwar Maigatari da ke bakin iyakar Najeriya da Jamhuriyar Nijar, wadda ke cikin manyan kasuwannin dabbobi na arewacin ƙasar.

Da rana ta yi sanyi, fatake da dillalai kan kama hanyar Gumel da Gagarawa zuwa Kano, wasu kuma su nufi ƙauyukan Sule Tankarkar, da yawansu ɗauke da kuɗin cinikin shanu da raƙuma, ko na riɗi da zoɓo.

Jigawa dai ba ta fuskanci irin ta'asar 'yan bindiga da ta addabi jihohin Zamfara da Katsina da Sakkwato ba. To amma labarin abin da ke faruwa a maƙwabta, da kiran da wasu manyan ƙasa suka sha yi cewa jama'a su tashi su kare kansu, sun tayar da wata tambaya da ta shafi irin waɗannan 'yan kasuwa: mutumin da bai taɓa riƙe bindiga ba, idan yana so ya mallake ta bisa ƙa'ida, ta ina zai fara, kuma wa zai koya masa?

Abin da doka ta tanada

Dokar makamai ta Najeriya, wadda aka kafa a shekarar 1959, ta kasa bindigogi gida uku.

Kashi na farko shi ne na haramtattun makamai, wanda ya ƙunshi bama-bamai, da bindigogi masu sarrafa kansu, da bindigogin soja. Shugaban ƙasa ne kaɗai ke da ikon bayar da lasisinsu.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, ƙaramar bindiga ƙirar fistol, wadda ake sokewa a ƙugu, tana cikin wannan kashi. Ke nan a idon doka matsayinta ɗaya da bindigar yaƙi, kuma wanda aka kama da ita babu lasisi na fuskantar ɗaurin da bai gaza shekara 10 ba.

Kashi na biyu ya haɗa da bindigogin farauta na zamani, irin su mai baki biyu, waɗanda lasisinsu ke hannun Babban Sufeton 'yan sanda.

Na uku kuwa shi ne na bindigogin da ake ɗura wa albarushi ta baki, wato adaka ko harba-ka-ruga, waɗanda mafarauta suka gada kaka da kakanni. Kwamishinan 'yan sandan jiha ne ke kula da sha'aninsu.

Wannan rabe-rabe yana da tushe a tarihi. Tun a yarjejeniyar Brussels ta shekarar 1890 ƙasashen Turai suka taƙaita shigar da bindigogin zamani yankuna da dama na Afirka, suka bar wa 'yan ƙasa bindigar toka. Har yanzu ana iya ganin inuwar wancan tsari a dokar da Najeriya ta gada.

Dokar ta kuma hana bayar da lasisi ga wanda bai kai shekara 17 ba, da mai taɓin hankali, da mai raunin gani, da wanda ba ya iya kame kansa, da kuma wanda kotu ta samu da laifin tayar da hankali cikin shekaru biyar da suka gabata.

A cikin waɗannan sharuɗɗa babu inda aka ambaci horo.

Kira daga manya, hani daga hukuma

A watan Maris na 2018, tsohon ministan tsaro Janar Theophilus Danjuma ya yi kira a Jalingo cewa jama'a su kare kansu, kiran da ya sake maimaitawa a watan Afrilun 2025.

A shekarar 2021 gwamnan Katsina na lokacin, Aminu Bello Masari, ya shawarci al'ummar jiharsa da su nemi makamai.

Gwamnatin Zamfara a ƙarƙashin Bello Matawalle ta wuce nan a watan Yunin 2022, inda ta ce za ta raba takardun neman lasisi 500 ga kowace ɗaya daga cikin masarautu 19 na jihar.

Sai dai ba a je ko'ina ba, kwamishinan 'yan sandan jihar ya ce haramcin bayar da lasisi na nan daram, yayin da babban hafsan tsaro na lokacin, Janar Lucky Irabor, ya ce gwamna ba shi da hurumin bayar da wannan umarni.

A watan Agustan 2023 kuma, Babban Sufeton 'yan sanda na lokacin, Kayode Egbetokun, ya sanar da cewa an dakatar da bayar da lasisin ƙananan makamai, domin rundunar ta mayar da hankali ga tattara waɗanda ke hannun jama'a ba bisa ƙa'ida ba.

Wannan saɓani ya bar talaka a tsaka mai wuya. Masu yin kiran ba su ne masu bayar da lasisi ba, kuma idan aka kama mutum da makami, jawabin gwamna ba zai zame masa hujja a gaban alƙali ba.

Matsayin Jigawa

A nata ɓangaren, gwamnatin Jigawa ta ɗauki wata hanya daban.

Da yake mayar da martani ga kalaman Janar Danjuma a wata hira da gidan talabijin na Channels a watan Afrilun 2025, Gwamna Umar Namadi ya ce barin kowa ya kare kansa zai jefa ƙasar cikin ruɗani. Ya kawo misali da rikicin manoma da makiyaya a jiharsa, wanda ya ce an tunkare shi ta hanyar tattaunawa tare da sarakunan gargajiya.

Wannan misali ya dace da yanayin ƙananan hukumomi huɗu na masarautar Gumel. Yanki ne na noman gero da riɗi da wake, wanda burtalai suka ratsa, garken dabbobi na gangarowa daga Nijar bayan damina, su koma idan ruwa ya sauka.

Irin saɓanin da aka fi sani a irin wannan wuri shi ne na ɓarnar gona, ko toshe burtali, ko taƙaddama a mashaya, tsakanin mutanen da suka san juna, kuma suke haɗuwa a kasuwa ɗaya.

Rigimar da ake yi da sanda kan ƙare a gaban dagaci ko hakimi, a kimanta ɓarna a biya. Idan bindiga ta shiga, sai ta ƙare da jana'iza, ramuwar gayya kuma ta biyo baya.

Abin da ya faru a Zamfara ya isa darasi, inda ayyukan 'yan sa-kai da suka fara da niyyar kare ƙauyuka suka rikiɗe zuwa kisa ba tare da shari'a ba, har hukumomi suka haramta ƙungiyoyin.

Sai dai masu goyon bayan mallakar makami su ma suna da hujjarsu: ofishin 'yan sanda na da nisa da ƙauyuka da dama, kuma ɗan fashi ba ya neman lasisi kafin ya ɗauki bindiga.

Yadda wasu ƙasashe ke yi

A ƙasashen da suka amince farar hula ya riƙe ƙaramar bindiga, sau da yawa horo ne matakin farko.

A jihar New York ta Amurka, tun daga watan Satumban 2022, mai neman izinin yawo da bindiga sai ya yi sa'a 16 a aji, da sa'a 2 a filin harbi. A jihar Texas kuwa karatun neman lasisin sa'a 4 zuwa 6 ne, kuma tun 2021 ba dole ba ne a nemi lasisin. Fiye da rabin jihohin Amurka sun bi wannan sahu na sassauci, abin da ake ci gaba da muhawara a kansa.

A Afirka ta Kudu, dokar shekarar 2000 ta wajabta wa mai neman lasisi ya fara samun takardar shaidar ƙwarewa, bayan ya yi horo a cibiyar da hukuma ta amince da ita. Lasisin kare kai a can na shekara biyar ne, sannan a sabunta.

Saita bindiga ba shi ne mafi girman abin da ake koyarwa a irin waɗannan azuzuwa ba. Akan koya wa sabon shiga yadda zai ajiye makami inda yara ba za su kai gare shi ba, da yadda zai kauce wa rigima tun kafin ta yi zafi, da kuma lokacin da doka ta hana shi harbi ko da ransa ya ɓaci.

Yarjejeniyar ƙungiyar ECOWAS kan ƙananan makamai, wadda aka rattaba wa hannu a Abuja a 2006, ita ma ta buƙaci mai neman lasisi ya nuna shaidar horo, da shaidar cewa zai ajiye bindiga daban da harsashi. Najeriya na cikin ƙasashen da suka amince da ita, amma tsohuwar dokarta ta 1959 ba ta zayyana wannan sharaɗi ba.

Iyakar kare kai

Sashe na 33 na tsarin mulkin 1999 ya amince da haƙƙin kare rai da dukiya, haka ma dokokin hukunta laifuka na arewacin ƙasar, amma da sharaɗin kada a wuce gwargwadon abin da ya zama dole.

Shari'ar Sunday Jackson, wani manomi a jihar Adamawa, ta nuna yadda wannan iyaka take da tsauri. Ya ce wani makiyayi ne ya kai masa hari da wuƙa a gonarsa, shi kuma ya ƙwace ta ya soke shi. Kotu ta ga cewa bayan ya ƙwace makamin yana da damar gudu, kuma a watan Maris na 2025 Kotun Ƙoli ta tabbatar da hukuncin kisa a kansa. Sai a watan Disamban shekarar ne gwamnan jihar ya yi masa afuwa.

A cikin watan na Maris kuma aka kashe matafiya 16 a garin Uromi na jihar Edo. Mafarauta ne da ke kan hanyar komawa Kano bikin Sallah, waɗanda 'yan banga suka tare, suka ga bindigogin farauta ƙirar gida a motarsu, aka zarge su da satar mutane.

Ga masu safarar dabbobi daga Maigatari zuwa kudancin ƙasar, wannan lamari na nuna cewa makami a cikin mota kan iya zama sanadin halaka maimakon kariya.

Kasuwar bayan fage

Rufe ƙofar lasisi bai hana bindigogi yawo ba. Cibiyar Small Arms Survey da ke Geneva ta ƙiyasta cewa a 2017 akwai bindigogi fiye da miliyan 6 a hannun farar hula a Najeriya, adadin da Janar Abdulsalami Abubakar ya ambata a watan Afrilun 2021.

Wasu sun kwararo ne ta Sahara bayan faɗuwar gwamnatin Gaddafi a Libiya a 2011, wasu an sace su daga rumbunan jami'an tsaro, wasu kuma maƙera ne ke ƙera su a cikin gida.

Iyakar da ta raba Maigatari da yankin Dungas na jihar Damagaram fili ne shimfiɗaɗɗe, mai hanyoyin amalanke da babura barkatai. An rufe ta a 2019 aka buɗe a watan Disamban 2020, aka sake rufewa bayan juyin mulkin Nijar na 2023, sannan Najeriya ta buɗe ɓangarenta a watan Maris na 2024. A watan Janairun 2025 kuma Nijar ta kammala ficewa daga ECOWAS.

Domin tunkarar matsalar, gwamnatin tarayya ta kafa cibiyar yaƙi da yaɗuwar ƙananan makamai a 2021, kuma Shugaba Bola Tinubu ya sanya hannu kan dokar da ta ƙarfafa ta a 2024.

Abin da ya rage

Ga ɗan kasuwar Maigatari ko manomin Gagarawa, ƙaramar bindiga ba zaɓi ba ce a ƙarƙashin doka. Wadda za a yi masa tallarta a ɓoye kuwa, ɗaurin shekara 10 ke rataye a jikinta.

Hanyoyin da suka rage masa su ne rage yawo da tsabar kuɗi ta hanyar amfani da banki ko tura kuɗi ta waya, da tafiya cikin ayari kafin dare, da shiga aikin sintirin da 'yan sanda da masu unguwanni suka san da shi.

Jihohin Katsina da Zamfara sun kafa rundunonin tsaron al'umma a 2023 da 2024, waɗanda aka tantance aka kuma ba su horo, abin da ke nuna cewa hatta a inda matsalar ta fi tsanani, hukumomi sun fi karkata ga tsaro na haɗin gwiwa a kan raba wa ɗaiɗaikun mutane makami.

Idan har wata rana majalisar dokokin tarayya ta sake duba dokar 1959, tambayar da za ta fuskanta ba ta tsaya ga wanda za a bai wa lasisi ba. Sai ta fayyace wanda zai horar da shi, da inda za a ajiye rajistar makamin, da kuma wanda zai karɓe shi idan mai shi ya saɓa ƙa'ida.

Kafin nan, zaman lafiyar masarautar Gumel zai ci gaba da dogara ne a kan yadda 'yan sanda ke amsa kira cikin hanzari, da kuma yadda hakimai da dagatai ke kashe wutar rigima tun tana ƙarama.