A SANI, A KIYAYE: Tarhon hamada da takardar izini

Duk wanda ya taɓa bin hanyar Agadas zuwa Dirku ko Bilma ya san in mota ta bar gari, tarhon aljihu ya zama kurma. Babu eriyar kamfani cikin Tenere. Shi ya sa direbobi da fatake da masu haƙar zinariya suke riƙe wani tarho dabam mai ƙaton ƙaho, wanda jama'a ke kira Turaya.

Thuraya sunan kamfani ne na Daular Larabawa, an kafa shi a 1997. Da Larabci sunan taurarin nan ne da Hausawa ke ce wa kaza da ƴaƴanta. Wannan tarho ba ya neman eriyar ƙasa. Maganar mutum tana hawa kai tsaye zuwa tauraron ɗan Adam da ke nisan kilomita wajen 36,000, daga can ta sauko. Akwai kuma Iridium na Amurka mai taurari 66 da ke kewaya duniya a nisan kilomita 780, da Inmarsat da aka kafa a 1979 domin jiragen ruwa.

Amfaninsa ba kaɗan ba ne. A watan Oktoba na 2013 an tsinci gawar mutum 92 a arewacin Arlit, kusa da iyakar Aljeriya. Motocinsu suka lalace, ƙishirwa ta kashe su. Yawancinsu mata ne da yara, da dama daga ƙasar Kance. A wuri irin wannan, kira guda yana iya kawo ruwa da ceto.

To, in haka ne, don mi hukuma take sa ido a kansa?

Dalili na farko, iskar da magana ke bi tana da hanyoyi, kamar burtali da gona. In kowa ya bi inda ya ga dama, maganar wani sai ta take ta wani, har ta jiragen sama da ta masu tsaro. Ƙungiyar sadarwa ta duniya da ke Janeba, wadda aka kafa tun 1865, ita ke raba waɗannan hanyoyi, kowace ƙasa kuma ta tsare nata. A 1997 aka yi yarjejeniya domin sauƙaƙa wa matafiya ƙetare iyaka da irin wannan tarho, amma ba ta ɗauke wa kowace ƙasa ikonta ba.

Dalili na biyu tsaro ne. Wuƙar da ake yanka rago da ita, ita ce ɓarawo ke riƙewa. A watan Yuni na 2013 sojan Najeriya suka hana saye da sayar da Turaya da aiki da shi a jihar Borno, saboda ƴan Boko Haram. Ƙasar Indiya ma, bayan harin birnin Mumbai na 2008, ta ƙara tsanantawa: an sha kama baƙi a filin jirgi don an sami Thuraya ko Iridium cikin kayansu ba izini.

A Nijar, hukumar ARCEP da ke Yamai, wadda doka ta kafa a 2018, ita ce mai kula da wannan aiki. Ana duba abu uku. Kamfanin da ke son sayar da sadarwa cikin ƙasa sai gwamnati ta ba shi izini. Hanyar iskar da zai bi sai an ba shi ita. Na'urar da za a shigo da ita a sayar, sai hukumar ta amince da irinta tukuna. Misali na kusa shi ne Starlink, mai faifan intanet: ya fara aiki a Najeriya a 2023, amma a Nijar sai da aka sa hannu da gwamnati a 2024, sannan ya buɗe a 2025.

Saboda haka ga shawara ga mai niyyar saye:

1. Ya sayi na'ura wurin ɗan kasuwa sananne, ya tambaya ko hukuma ta amince da irinta.

2. Ya karɓi takardar saye da ta duwan, ya ajiye su tare da takardun mota.

3. Ya rubuta lambar jikin na'urar a littafinsa. In ta ɓace, ya sanar da jandarma ba da jinkiri ba.

4. Kada ya ba baƙo aro. Abin da aka aikata da ita, mai ita za a fara tambaya.

5. In zai ƙetare iyaka, ya nemi sanin dokar ƙasar tun kafin ya tashi. Izinin gida ba ya aiki a gidan maƙwabci.

Duk wannan aikin karatu ne. Wanda ya shiga ajin yaƙi da jahilci zai iya duba lamba da kwanan wata da hatimi da idonsa, ba mai sayar mashi da takardar banza. Tambaya ba ta ɓatar da matafiyi. Allah ya kiyaye hanya, ya kai kowa gida lafiya.