Sakin Na Hannu, Kamun Na Guje?

 

A makon jiya, bayan sallar la'asar, wani ƙanenmu a wurin aiki ya same mu a gindin darbejiyar da ke harabar makaranta, ya ce yana da magana. Yaro ne mai hankali, shekararsa bakwai yana koyar da lissafi, yana da mata da 'ya'ya biyu, ga kuma mahaifiya a hannunsa. Ya zaro takarda daga aljihu ya miƙo mana. Da muka duba, sai muka ga takardar ajiye aiki ce, an rubuta an sa hannu, kwanan wata kaɗai ya rage. Ya ce, "Yaya Malam, ni dai na gaji. Abin da nake samu a waya cikin mako biyu ya fi albashina na wata. Zaman me zan yi?"

Sana'ar tasa ba ɓoyayya ba ce. Tun lokacin da yaƙi ya rufe makarantu ya fara sayen man riɗi da zoɓorodo a kasuwar Gadarif, matarsa kuma tana haɗa yajin agashe. Sai ya ɗauki hoto ya sa a Facebook da WhatsApp, mai so ya turo kuɗi ta Bankak, shi kuma ya kai kaya tasha a ɗora a motar Kasala ko ta Bur Sudan. Akwai ma 'yan'uwanmu da ke Saudiyya waɗanda kan turo masa kuɗi ya sayi dawa da mai da sukari ya kai wa iyayensu a unguwa. To, yanzu yana so ya bar alli ya rungumi wannan harka gaba ɗaya.

Ba mu ba shi amsa nan take ba. Mun roƙe shi ya bar takardar a hannunmu zuwa ƙarshen wata. Da yake mun san ba shi kaɗai ne ke kwana da wannan tunani ba, akwai malamai da ma'aikatan asibiti da akawu-akawu da dama a cikinmu masu irinsa, sai muka nemi izininsa mu kawo maganar nan, ya kuwa yarda.

Da farko dai dole mu faɗi gaskiyar da ke gefensa. Da a ce shekaru talatin da suka wuce ne, da amsa ba ta da wuya, sai a ce masa kada ya saki reshe ya kama ganye, magana ta ƙare. Malamanmu da suka koyar da mu a kwalejin horon malamai sun sha ba mu labarin zamanin da wanda ya fito daga Bakht ar-Ruda, wato makarantar horon malamai da aka kafa a 1934 kusa da Duwaim, yake da daraja a gari kamar alƙali, albashinsa kuma yana riƙe gida har da na maƙwabta. Wannan zamani ya wuce. A watan Fabrairun 2021 gwamnati ta karya darajar kuɗinmu, dalar Amurka ɗaya ta tashi daga fam 55 zuwa fam 375 a rana guda, kuma a watan Yulin shekarar hauhawar farashi ta haura kashi 400 cikin ɗari. A ƙarshen 2022 malamai suka shiga yajin aiki suna neman a ɗaga mafi ƙarancin albashi daga fam 12,000 zuwa 69,000. Ana cikin wannan ja-in-ja sai yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023. Albashi ya tsaya wata da watanni, makarantu suka rufe, azuzuwanmu suka zama masaukin 'yan gudun hijira daga Kartum, sannan daga Madani a Disambar 2023, sannan daga Sinja a tsakiyar 2024. Dalar da take wajen fam 600 kafin yaƙi ta haura 2,000 a cikin 2024. Saboda haka duk wanda ya ce wa wannan yaro aikin gwamnati shi ne tabbas, to ya manta abin da muka gani da idonmu. A watannin da albashi bai zo ba, wayar nan ce ta ciyar da gidansa.

Kuma ba za mu raina cinikin waya ba. Tun kafin yaƙi akwai matan Kartum da suka yi suna wajen sayar da turare da tufafi ta Facebook daga cikin ɗakunansu. Da yaƙi ya zo, bankuna da yawa suka rufe, takardar kuɗi ta yi wuya, sai Bankak na Bankin Kartum ya zama aljihun kowa, tun daga mai shago har mai shayi. Canjin takardun fam 500 da 1,000 da aka yi a Disambar 2024, tare da taƙaita abin da mutum zai iya cira a rana, ya ƙara tura jama'a ga biya ta waya. Ga shi kuma muna zaune a garin da ake noman dawa da riɗi da injuna tun tsakiyar shekarun 1940, kasuwar amfanin gonarmu kuwa sananniya ce a faɗin ƙasa. Wato kaya na nan, masu saye na nan, hanyar biya ma na nan.

To amma hangen Dala ba shiga birni ba ne. Bari mu duba abin da wannan sana'a take tsaye a kai.

Abu na farko shi ne layin waya, wanda ba a hannunmu yake ba. Mu tuna, a 2019 an yanke intanet daga farkon Yuni har sai 9 ga Yuli. A 2021 an sake yankewa daga 25 ga Oktoba, aka yi fiye da mako uku. A farkon Fabrairun 2024 kuwa layukan Zain da MTN da Sudani duk suka ɗauke, Bankak ya tsaya, mai kuɗi a waya ya wayi gari ba ya iya sayen gurasa. Sau uku ke nan cikin shekara biyar. Mai shago a kasuwa idan layi ya ɗauke yana nan zaune da kayansa, mai wucewa zai gan shi. Wanda shagonsa hoto ne a waya, ranar da layi ya ɗauke shagon ya ɓace, har da littafin abokan cinikinsa.

Abu na biyu hanya ce. Hoto yana isa Bur Sudan cikin ƙiftawar ido, amma jarkar mai sai ta hau mota. Akwai kuɗin dako, akwai shingaye, akwai jarkar da za ta fashe, akwai direban da zai sauke kaya a inda ba a ce ba. Da damina kuma kowa ya san yadda baƙar ƙasarmu take, idan ruwa ya sauka motar ƙauye sai ta kwana a laka, kayan da aka yi alkawarin kawowa Talata su zo Asabar.

Abu na uku, wanda ya fi damunmu, shi ne lissafi. Abin mamaki, malamin lissafi ne, amma da muka ce ya nuna mana littafinsa sai ya nuna mana saƙonnin shigar kuɗi a waya. Muka ce masa shigar kuɗi daban, riba daban. Alal misali, a ce ka sayi buhu goma a kan ɗari-ɗari, ka sayar a kan ɗari da ashirin-ashirin. A waya za ka ga dubu da ɗari biyu, ka yi murna ka ci ribar ɗari biyu. Ka koma kasuwa ka tarar buhu ya zama ɗari da ashirin da biyar. Kuɗin hannunka ba zai sayi buhu goma ba, ko da ba ka taɓa ko sisi ba, balle an cire dako da katin waya da cefanen gida. A zamanin da kuɗi ke narkewa kamar man shanu a rana, ɗan kasuwa na ƙwarai da buhu yake ƙirga jarinsa. Idan bara kana juya buhu goma, bana kana juya takwas, to kana cin uwar kuɗi ne, komai yawan sifirin da waya ke nuna maka.

Sai kuma lokaci. Cinikin da ƙanen namu yake alfahari da shi, mafi yawansa na kaka ne, daga yankan riɗi a Oktoba zuwa shigar dawa a Disamba da Janairu, lokacin da kaya ke da araha kuma kuɗi ke hannun jama'a. Ba a auna sana'ar Gadarif da kaka. A Yuli da Agusta ake auna ta, sa'ad da rumbu ya yi ƙasa, farashi ya hau, kowa ya zuba abin hannunsa a gona.

Akwai kuma macuta. Shi da kansa ya ba mu labarin wani da ya turo masa hoton shaidar biya na jabu, ya ɗora kaya a mota, sai da dare ya duba asusu ya ga ba abin da ya shigo. Ribar wata guda ta tafi a nan. Kakanninmu fatake ba su shiga gari sai ta hannun fatoma, wanda ya san mai saye, ya san mai sayarwa, ya tsaya a tsakani. A waya babu fatoma, kai ne dillali, kai ne shaida, kai ne mai asara.

Tun da mun ambaci kakanni, bari mu tsaya a kansu kaɗan. Yawancinmu jikokin mahajjata ne da masu hijira, waɗanda suka taso daga Sakkwato da Kano da Katsina da ƙafa, musamman bayan yaƙin Burmi na 1903, lokacin da ɗan Sarkin Musulmi Attahiru ya zo ya kafa garin Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu. Ba matsorata ba ne, wanda ya bar garinsu ya nufi gabas a ƙasa ba za a koya masa ƙarfin hali ba. Amma tafiyar tasu zango-zango ce. Sukan sauka a gari su yi noma damina ɗaya ko biyu, su tara guzuri, su tambayi labarin rijiyar gaba, sannan su ɗaura kaya. Abin da muke so ƙannenmu su gada ke nan, ƙarfin hali tare da guzuri.

Saura magana ɗaya, wadda ta shafe mu mu Hausawa musamman. Gurbin aiki a makaranta ko asibiti ya wuce albashin da ke cikinsa. Akwai katin inshorar lafiya, akwai fansho ko da kaɗan ne, akwai shekarun aiki da ake ƙirgawa. Bayan wannan kuma, mu da muke koyarwa a unguwanninmu mun san yaron da ke zuwa aji ɗaya bai iya Larabci sosai ba, wanda idan ya sami malamin da zai ce masa "zo nan, kada ka ji tsoro" da harshen gidansu, sai ya zauna ya yi karatu, idan bai samu ba sai a tsince shi a tasha. A Oktoban 2023 asusun UNICEF ya ce yara wajen miliyan 19 ne ba sa zuwa makaranta a ƙasar nan, kuma namu na ciki. Iyayenmu sun daɗe suna fafutuka kafin a fara ganin 'ya'yansu a gaban allo da kan teburin ofis. Kujerar da ɗanmu ya bari, ba lalle ne wani ɗanmu ya hau ta ba. Ba muna cewa mutum ya bar 'ya'yansa da yunwa don na wasu ba ne, Allah ma bai ɗora wa rai abin da ba zai iya ba. Muna dai cewa a sa wannan a sikeli, kada a manta da shi.

Da wata ya ƙare muka mayar masa da takardarsa, muka ce, "Ƙanena, ba mu ce ka yaga ta ba, ba mu kuma ce ka miƙa ba. Ka ajiye ta shekara guda." A cikin shekarar nan ya sayi littafi na takarda ya riƙa rubuta shiga da fita, da lambobin abokan ciniki, don ranar da layi zai ɗauke. Ya raba kuɗin sana'a da na cefane, ya yanka wa kansa albashi daga ciki kamar yadda zai biya yaron shago. Kada ya ɗora kaya sai ya buɗe asusu ya ga kuɗi da idonsa. Ya bar wa matarsa da ƙanensa harkar waya da safe, don lokacin aji amana ce, ba a amsa ciniki ana tsakiyar darasi. Idan kaka da damina suka zagayo, ya ga jarinsa a buhu ya ƙaru, sana'ar ta riƙe gida ba tare da an taɓa albashi ba, kuma yana da abincin wata shida a ajiye, to sai ya nemi hutu ba albashi tukuna, ya gwada tsayawa da ƙafarsa alhali ƙofa tana buɗe a bayansa. In hakan ma ya yi kyau, mu da kanmu za mu raka shi ofis ya miƙa takardar, mu yi masa addu'a, domin sana'a sa'a ce, kuma arziki ba a aji kaɗai yake ba.

Ya yi shiru, can ya ce, "Yaya Malam, shekara tana da yawa." Muka ce shekara bakwai ka yi kana gina wannan gurbi, ɗaya ba ta yi yawa ba wajen sanin ko za ka bar shi. Ya naɗe takardar ya sa a aljihu. Jiya mun gan shi a aji biyar yana koyar da kashi cikin ɗari, misalin da ya rubuta a allo kuwa na buhunan riɗi ne.

Wanda yake da irin wannan takarda a aljihunsa, ko wanda ya riga ya miƙa tasa, ya aiko mana da labarin yadda ta kaya, domin na baya su amfana. Sai mun sake saduwa a wata mai zuwa, in Allah ya kai mu. Allah ya ba mu zaman lafiya, ya sa albarka a abin da muke nema. Wassalam.