Mataimakan Jinya A Asibitocinmu: Wa Ya Koya Musu, Kuma Da Wane Harshe?

A watan Fabrairun 2024 ne hukumar da ke kula da aikin nas da ungozoma a Nijeriya ta bayyana cewa kimanin ma'aikatan jinya 42,000 suka bar ƙasar nan cikin shekara uku. An yi ta cece-kuce a kan albashi da takardun tantancewa, amma ban ji an tsaya an tambayi wanda ya gaji aikin da suka bari ba. Duk wanda ya taɓa kwana a ɗakin marasa lafiya ya san amsar. Idan nas guda tana fama da gadaje talatin, to wanka da canza zanen gado da kwashe fo da juya wanda ba ya iya motsi duk sun koma hannun mataimakan jinya, sai kuma 'yan uwan majinyaci da ke shimfiɗa tabarma a gefen gado. Su ne suka fi kowa taɓa jikin mara lafiya, kuma su ne aka fi ƙarancin koyarwa.

Wannan ba ƙaramin al'amari ba ne. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2022 ya nuna cewa a ƙasashe masu tasowa, cikin kowane majinyaci 100 da aka kwantar, kimanin 15 kan kamu da wata cutar a cikin asibitin, alhali a ƙasashe masu arziki 7 ne. Zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganewa a 1969 a garin Lassa na Jihar Borno ta yanzu, da ma'aikatan jinya ya soma, kuma ta jini da fitsari da amai yake yaɗuwa tsakanin mutane. A Janairun 2020 ya kashe likitoci a Kano. Idan har likita mai shekaru yana karatu bai tsira ba, ina ga wadda ke kwashe amai da hannu, wani lokaci ma ba safar hannu?

Ba zan shiga hurumin likitoci ba. Inda nake da ta cewa shi ne harshe, domin a tawa fahimtar, wani sashe na haɗarin yana faruwa ne a wajen fassara. Ƙa'idojin aikin da Turanci aka rubuta su, da Turanci ake liƙa su a bango, amma da Hausa ake aiwatar da su a bakin gado, kuma babu wanda ya zauna ya daidaita fassarar.

Ɗauki umarnin da ake bai wa wanda za a yi wa tiyata. Likita ya rubuta cewa kada komai ya shiga bakinsa. Sai mataimakiya ta ce wa mai jinya, "kada ya ci komai." To, ai Bahaushe ba ya cin kunu, sha yake yi. Haka fura, haka koko, haka shayi mai kauri da madara. Uwar da ta ga ɗanta yana fama da yunwa ta ba shi kofin kunu ba ta saɓa umarni ba, domin ci aka hana. Amma wannan kunun, idan aka sa masa maganin barci, yana iya dawowa ya shiga huhu, ya zama ajali. Kalma ɗaya ce ta ɓace: "kada ya ci, kada ya sha, ko da ruwa ne, sai likita ya ce."

Haka "wanke hannu." A al'adarmu, zuba ruwa a buta a ɗauraye yatsu kafin cin tuwo wanke hannu ne. Abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ke nufi a ƙa'idojinta na 2009 daban ne: sabulu da ruwa na daƙiƙa 40 zuwa 60, ko man tsaftace hannu na daƙiƙa 20 zuwa 30, kuma a lokuta biyar, wato kafin taɓa majinyaci, kafin aikin da ke bukatar tsafta kamar wanke ciwo, bayan taɓa abin da ya fito daga jikinsa, bayan taɓa shi, da bayan taɓa kayan da ke kewaye da shi. Shi ma "sau uku a rana" da yawa sukan ɗauke shi safe da azahar da la'asar, alhali sau da dama nufin shi ne duk bayan awa takwas, har da dare.

Sai batun suna, wanda ya fi ba ni tsoro. Ƙa'ida ita ce a tantance majinyaci da shaida biyu kafin a ba shi magani ko a kai shi gwaji. Mai karatu ya ƙiyasta ɗakin mata guda mai A'isha Muhammad uku. Da yawa daga cikin dattawanmu ba su riƙe ranar haihuwa ba. Ga kuma alkunya: matar da ba za ta ambaci sunan mijinta ko na ɗan farinta ba, sai ta ce Malam ko Babangida, alhali sunan da ke kan kati daban ne. Bugu da ƙari, idan aka tambayi mara lafiya "ke ce A'isha?" ladabi da galabaita za su sa ta ce e. Ya kamata a koya wa mataimakiya ta ce "faɗa mini sunanki da na mahaifinki," sannan ta duba lambar kati.

Juya wanda ya kasa motsi duk bayan kamar awa biyu don kada gyambon kwanciya ya kama shi, da ɗaga kansa kafin a ba shi abinci don kada ya shaƙe, waɗannan ba sa bukatar digiri. Koyarwa suke bukata.

Ko shakka babu, wasu za su ce ana maganar rashin ruwa da sabulu da safar hannu, ni kuwa ina maganar kalmomi. Gaskiya ne, kuma wannan nauyi ne a wuyan gwamnatocin jihohi. Sai dai gyaran harshe shi ne mafi araha cikin gyare-gyaren. Muna da sassan nazarin Hausa a jami'o'in Bayero da Ahmadu Bello da Usmanu Ɗanfodiyo, kuma kowace tana da asibitin koyarwa a garinta. Abin da ya rage shi ne malaman harshe da shugabannin nas-nas su zauna su fitar da ɗan littafi na Hausa, a boko da ajami, a gwada kowace jimla a kan masu jinya na gaskiya kafin a buga, sannan ma'aikatun lafiya su wajabta horo da shi ga duk mataimakin da za a ɗauka, da wanda ya riga ya shekara goma yana aikin.